Abin da Ke Ɗauko Mana Kukan Jirgi da Dare

Garinmu yana da 'yar tazara da layin dogon da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda. A ƙafa, tafiyar sa'a guda ce da 'yan kai. Da rana, in dai ba bakin layin ka je ba, ba ka da labarin jirgi ya wuce. Amma a daren hunturu, muna yara, muna ƙudundune cikin bargo a ɗakin kakarmu, sai ka ji kukansa tar, har da ƙarar ƙafafunsa a kan ƙarfe, kamar ta bayan danga yake bi. Na taɓa ce mata, "Kaka, wai da dare direban ƙara wa jirgin murya yake yi?" Ta yi dariya ta ce, "Kai maigidan, raba ni da tambaya. Jirgin ɗaya ne. Dare ne ke ɗauko maka shi."

Da na girma na riƙa jin amsar da kowa ke bayarwa: ai saboda gari ya yi shiru ne. Gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Tsohuwar ta fi su kusa da magana, domin dare yana canza hanyar da sauti ke bi a cikin iska, ba kawar da hayaniya kaɗai yake yi ba.

Sai dai kafin a kai nan, dole a san shi kansa sautin mene ne. Ba wani abu ba ne da ke fitowa daga bakin ganga ya taho kunnenka kamar dutse daga majajjawa. Ka tuna sahun sallar Juma'a idan wuri ya cika maƙil, wani ya kutso ta gefe. Na farko ya ɗan matsa ya turi na kusa da shi, shi ma ya turi na gaba, har turin ya kai ƙarshen sahu. Babu wanda ya bar wurinsa, turin ne ya yi tafiya. To haka abin yake idan makaɗi ya doki kalangu. Fatar tana kaɗawa gaba da baya, tana matsa ƙwayoyin iskar da ke jikinta, su kuma su matsa na gabansu, har matsin ya iso dodon kunnenka ya kaɗa shi. In kaɗawar tana da sauri, sautin ya fito siriri kamar na sarewa ko kukan sauro. In a hankali take, ya fito da kauri kamar na tambari. Kunnen matashi mai lafiya yana kama abin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa guda, kuma girma na zuwa, na saman na zubewa.

Tunda turi ne, dole sai da abin turawa. A shekarar 1660 Robert Boyle na Ingila ya rataye agogo a cikin tulun gilashi, ya riƙa zuƙe iskar ciki da famfo. Agogon na aiki, ana ganinsa, amma ƙarar bugunsa ta yi ta dusashewa har ta ɓace. Kuma ba iska kaɗai ke ɗaukar sauti ba, hasali ma ita ce raguwa a wannan aiki. A cikin ruwa yana cin kusan mita 1,500 a daƙiƙa, a cikin ƙarfe ya haura mita 5,000. Shi ya sa yaran bakin tasha ke kara kunne a jikin dogo su ce jirgi na tafe tun ba a ji kukansa ba, wasan da ba na shawartar kowa ya gwada. A cikin iska kuwa, mita 343 ne a daƙiƙa idan zafi yana digiri 20 a ma'aunin Salshiyos. Wato kilomita guda a daƙiƙa uku. In ka ga walƙiya ka ƙirga tara kafin cida ta iso, hadarin yana nesa da kai da kilomita uku. Da irin wannan dabarar masana a Faris suka auna gudun sauti a 1738: a harba igwa a kan tudu da dare, na nesa ya ga wutar, ya ƙirga lokaci har ƙarar ta zo.

Abin da za a riƙe a nan shi ne, wannan 343 ɗin ba a tsaye take ba. Zafi na ƙara wa sauti sauri, sanyi na rage masa. A digiri sifiri mita 331 ne. Duk ƙarin digiri ɗaya yana ƙara masa fiye da rabin mita kaɗan. A tsakar ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, zafi na digiri 40, yana kai mita 355. Bambancin kamar ba komai ba. A aje shi a gefe tukuna, za mu dawo masa.

Mu fara sallamar masu cewa shiru ne, don suna da hujja. Sauti na barin inda ya taso yake bazuwa ta ko'ina, sama da gefe da baya, ƙarfinsa na rarrabuwa. A fili fetal, duk sanda ka ninka tazara, yana raguwa da desibel 6, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara. A ɗauki misalin janaretan maƙwabci, a ce yana ba da desibel 80 in kana tsaye mita ɗaya daga gare shi. A mita 2 ya koma 74, a mita 8 ya koma 62, a mita 64 ya koma 44. Hirar mutum biyu tana wajen desibel 60, raɗa kuma 30. Da rana unguwa cike take da injin markaɗe, da A Daidaita Sahu, da rediyon mai shayi, da 'yan talla, da yara sun taso daga Islamiyya. Janaretan bai yi mita goma ba ya nutse a cikinsu. Ƙarfe biyun dare, sawu ya ɗauke, ba abin da zai nutse a ciki, sai ya bi ka har gida na biyar. Injin bai ƙara komai ba. Tauraro ma da rana yana nan a sama, hasken rana ne ke ɓoye shi.

Wannan bayani ya wadatar ga abin da ke kusa: janareta, ɗigar famfo, minsharin ɗaki na gaba, sauro a bakin kunne. Bai wadatar ga jirginmu ba, domin garinmu ƙauye ne, da rana ma ba wata hayaniyar kirki, in ban da sussuka da carar zakara.

Wani Bajamushe mai yawon bincike, Alexander von Humboldt, ya ci karo da irin wannan a shekarar 1800 a gaɓar kogin Orinoko, a ƙasar Benezuwela ta yau. Akwai inda ruwan kogin ke rugugi a kan duwatsu, wurin da ake kira Atures. Ya lura cewa daga nesa rugugin ya fi ƙarfi da dare, a kiyasinsa har ninki uku. Ga shi daji ne, ba gari ba kasuwa, kuma a can dare ya ma fi rana surutu saboda kukan ƙwari. Ke nan ba shiru ba ne. Wani abu ne ke faruwa da ita kanta iskar.

Rana ba iska take fara gasawa ba, ƙasa take gasawa, ƙasa kuma ta gasa iskar da ke kwance a kanta. Duk wanda ya taka rairayi ba takalmi da azahar ya san zancen. Don haka da rana iskar da ke dab da ƙasa ita ce mafi zafi, kana yin sama tana sanyi. Da faɗuwar rana sai abin ya kife. Ƙasa ta riƙa sakin zafinta zuwa sararin sama, musamman in garin garau yake ba gajimare, ta yi sanyi da sauri, ta sanyaya iskar da ke taɓa ta. Iskar da ke can sama da ita, mita hamsin ko ɗari ko fiye, tana nan da sauran ɗuminta. Sai ya zama sanyi a ƙasa, ɗumi a bisa. Iska mai sanyi ta fi nauyi, saboda haka ta kwanta abinta, ba ta da niyyar tashi.

Yanzu a dawo da zancen gudu. Manomin da ke huɗa da shanu ya san in sa ɗaya ya fi ɗan'uwansa sauri, garma ba ta miƙewa, karkata take yi ta ɓangaren mai nawa. Sauti ma haka. Ba tsinke ɗaya ba ne, sahu ne mai faɗi, wani sashe nasa na bin iskar ƙasa, wani na bin ta sama. Da rana sashen ƙasa yana cikin zafi, ya fi sauri, sai sahun ya karkata ya yi sama. Kukan jirgin yana fitowa, ya ɗan yi tafiya, ya ɗaga ya bi ta saman kawunanmu ya tafi inda ba kowa sai shaho. Mu da ke ƙasa muna cikin abin da masana ke kira inuwar sauti. Da dare kuwa sashen sama ne ke cikin ɗumi, shi ke da sauri, sai sahun ya rusuno. Sautin da ya kama hanyar sama, wanda da rana asara ne, sai ya lanƙwaso ya dawo ƙasa, ya doke ta, ya sake tashi, ya sake dawowa. Kamar an yi wa gari rufi. Kullum dai ɓangaren sanyi yake karkata.

Na buga lissafin da kaina don in ga ko bambancin ɗan digiri zai iya wannan aiki. A ce iskar da ke mita 100 a sama ta fi ta ƙasa ɗumi da digiri 5. Bambancin gudun mita 3 ne kacal a daƙiƙa, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Amma sautin da ya tashi a ɗan kishingiɗe, ya ɗaga kai kaɗan daga ƙasa, zai hau wajen mita 40, ya sauko a tazarar kusan kilomita biyu. Ya tsallake gidaje, da ganuwa, da gonaki, da bishiyoyin da suka isa su tare shi, ya sauka a tsakar gidan wanda bai san da zamansa ba. Shi ya sa da asuba kake jin ladanin wata unguwa da ba ka taɓa ji da la'asar ba, alhali lasifikar ɗaya ce, ladanin ɗaya ne.

Ido ma yana ganin irin wannan. Kawalwalniyar da ke kwanciya a kan kwalta da rana tsaka, kamar ruwa a gaba, hasken sama ne ya taho ya tarar da iska mai zafi a kan titi, ya lanƙwashe ya shigo idonka. Shi kuma wancan rufi na dare, hayaƙi ne ke tona asirinsa. Ka fita bayan gari da sanyin safiya a watan Disamba ko Janairu, ka dubi hayaƙin masu jin ɗumi da na mai ƙosai. Zai ɗan tashi, ya tsaya cak, ya shimfiɗe kamar an ja farin zane a kan rufin gidaje. Ya kasa wucewa ne saboda ya tarar da iskar da ta fi shi rashin nauyi. Ranar da ka ga haka, kasa kunne, za ka ji abin nesa.

Humboldt shi wani dalili ya kawo, kuma shi ma yana da gaskiyarsa. Ya ce da rana iska ba ta zaune lafiya. Dutse ya yi zafi, ciyawa ba ta yi ba, nan iska na tashi, can tana sauka, tana tafasa kamar ruwa a tukunya. Sauti na ratsa wannan hargitsi sai ya tarwatse. Da dare tukunyar ta huce, ya samu hanya sumul. Bayanin lanƙwasa sai daga baya ya zauna da gindinsa. Wani masani, George Stokes, ya yi maganar tasirin kaɗawar iska a 1857, Osborne Reynolds kuma a 1874 ya fita fili da ƙararrawa, yana saurare a tsaye, yana saurare a kwance, ya nuna cewa sautin da ya ɓace a ƙasa yana nan in ka ɗaga kai sama. Ba wasa ya sa aka damu da zancen ba. A lokacin jiragen ruwa da ƙahon gargaɗi suke dogara idan hazo ya rufe teku, kuma gwaje-gwajen wani masanin, John Tyndall, a gaɓar Doba ta Ingila a 1873 sun nuna ƙaho ɗaya yau a ji shi daga nesa ƙwarai, gobe ya ɓace tun ba a je ko'ina ba.

A nan Hausa ta ɗan matse mu, don kalma ɗaya muke da ita ga iskar da muke shaƙa da kuma wadda ke kaɗawa. Mai kaɗawar tana da nata aikin. Mukan ce iska ta kwashe magana, kamar ta ɗauke ta ne ta gudu da ita. Ba ta da wannan saurin, domin ko guguwa ba ta kama ƙafar sauti. Abin da ke faruwa shi ne iska ta fi gudu a sama, a ƙasa gidaje da itatuwa na riƙe ta. In sauti na bin bayanta, sashensa na sama ya fi sauri, sai ya rusuno ƙasa. In yana fuskantarta, na saman ne ke shan turjiya, sai ya ɗaga sama. Shanun huɗar ne dai suka sake dawowa. Don haka akwai daren da jirginmu ba ya isowa ko da sanyi ya kai sanyi, in iskar ta juya masa baya.

Magabata ba su san lissafin ba, amma sun san aikin. Hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce, ta Gobarau a Katsina ma don hawa aka gina ta. Muryar da ta taso daga bisa tana tsallake katangu, kuma inuwar sautinta ba ta farawa sai can nesa. Masunta su ma sun san magana na tafiya a kan ruwa. Ruwa shimfiɗe yake, ba ya shan sauti kamar gona mai laushi, kuma da rana yana sanyaya iskar da ke kansa, sai ya yi wa kansa ɗan ƙaramin dare. Wanda ke cikin kwalekwale a Tiga ko a kogin Kwara ya iya bakinsa.

Wani abin kuma, abin da ke isowa daga nesa ba ya isowa cikakke. Iska na cinye siririn sauti fiye da mai kauri, busasshiyar iska irin ta hunturu ta ma fi mai laima ci. Shi ya sa in ana biki a wata unguwa, dukan gangar kake ji, dum-dum, ba ka jin baitin mawaƙi. Tsawa in ta faɗi kusa, tas take yi kamar an tsaga itace, in daga nesa ne sai dai rugugi. Giwaye sun ci moriyar wannan. Suna kiran juna da murya mai kaurin da kunnenmu ba ya kamawa, kuma masu bincike a gandun dajin Etosha na Namibiya sun gano cewa da faɗuwar rana, in sanyi ya kwanta a ƙasa, faɗin yankin da kiran ke kaiwa yana iya ninkawa har kusan sau goma.

Ba kowane dare ba ne haka. Da damina gajimare kan rufe sama ya hana ƙasa sakin zafinta, rufin ba ya kafuwa sosai, ga kwaɗi sun cika fadama da nasu taron. A tsakiyar babban birni kwalta da siminti na riƙe zafi har dare ya raba. Daren rani mai taurari, iska a kwance, a bayan gari, shi ne nasa.

Saura kason zuciya. Kunne ba ya ƙara kaifi don rana ta faɗi, amma in ido ya rasa abin kallo, hankali kan koma kunne, in da tsoro kuma abin ya ƙaru. Wasu ƙararrakin ma daren ne ke haifar da su. Kwanon rufi da ya sha rana ya buɗe, in ya huce yana tsukewa, ya riƙa ƙas-ƙas a jikin ƙusa. Mun sha tofa addu'a a kan wannan muna zaton jifa ake yi.

Inda nake da ƙorafi shi ne wajen masu lasifika. Mai kiɗan biki, da mai tallan magani, har da wasu masu wa'azin dare, sukan saita na'ura da yamma, lokacin da gari ke hayaniya kuma iska ke ɗage sauti sama, su murɗa har ƙarshe don a ji. Dare ya tsala ba wanda ya tuna ya rage. Shi yana tsaye a gindin lasifika, a kunnensa ba abin da ya canza, bai san yanzu muryarsa na sauka a kan mai jego da majinyaci a unguwa ta uku ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke ɗorewa a ɗakin barci ta wuce desibel 30. Ban ce a kashe ba, amma rabin murɗin yamma ya isa ƙarfe ɗayan dare, har da saura.

Bara da hunturu na kwana a garin. Jirgi ya daɗe da zama baƙo a wannan layi, yanzu manyan motocin da ke bin titin Gusau ne suka gaje shi. Bayan sallar asuba na zauna a dakalin ƙofar gida, ina jin tirela na canza giya kamar a gaban masallaci take, ga hayaƙi shimfiɗe a kan gari. Rana ta fito, ta fara dukan ƙasa. Wajen ƙarfe tara hayaƙin mai ƙosai ya miƙe tsaye ya yi sama. Na ƙara kasa kunne ta wajen titi, motocin na nan suna wucewa, amma ban sake jin ko ɗaya ba.